Ƙwallon Fiya a Bakin Nicanor

A ƙauyenmu da ke kan duwatsun Oaxaca ba a neman mulki, gudunsa ake yi. Ba mu da jam'iyya, ba mu da akwatin zaɓe. Duk shekara mukan taru a filin ƙwallon kwando mu ɗaga hannu, wanda tsautsayi ya faɗa wa a miƙa masa sandar shugaban gari: shekara guda yana hidima kyauta, ciyawa tana cin gonarsa. Kuma wanda ya fi zuba a taro shi ake ɗora wa. Tunda ka iya gyara da baki, ga fili ga mai doki.

Nicanor kuwa bakinsa ba ya mutuwa, ko jaki ya samu sai ya ba shi shawara. Ga shi bana gonar kofinsa ta yi 'ya'ya kamar ba gobe. Matarsa Tomasa ta rantse in ya dawo da sandar nan, ta tsinke kofin ita kaɗai, to ya nemi mai dafa masa wake. Safiyar taro ta cusa masa ƙwallon fiya a baki.

Aka yi maganar famfo, shiru. Aka yi ta gada, ya yi gumi kawai. Har tausayi ya ba ni.

Sai dattijonmu, Tata Fidencio, ya gabatar da wani baƙo mai kwat, wai daga birni. Baƙon ya ce ɗaga hannu ƙauyanci ne, baɗi za a kawo mana akwati da jam'iyyu mu waye.

Ƙwallon fiyar da Nicanor ya furzar sai da ya daki allon kwando. Nicanor ya yi awa guda cur yana wanke baƙon tas: dokar ƙasa ta amince da al'adarmu, kakanninmu da hannu suka zaɓi nasu, kuma hannun da gari ya ɗaga ko gwamna bai isa ya sauke shi ba. Yana rufe baki hannuwa suka tashi.

Baƙon ya cire kwat ya kama kwashe kujeru. Ashe ɗan ƙanwar Tata ne, direban bas, kwat ɗin ma ta aro ce.

"Tata, wannan ai tarko ne," in ji Nicanor. "A sake zaɓe."

"Ɗana, ko gwamna bai isa ba. Yanzu wani mai ilimi ya gaya mana."

Nicanor ya juya neman agaji wajen Tomasa, sai ya ga hannunta a sama har yanzu, tana share hawaye da gefen mayafi.

"Har da ke?"

"To wa zan ba, sakarai, bayan wannan jawabin? Karɓi sandarka. Waken dai ka dafa da kanka."