Ranar Da Layin Malam Ɗalhatu Ya Shiga

"Sake bugawa," in ji Malam Ɗalhatu daga kan katifa.

Nafi'u ya sake bugawa. 'Yar akwatin modem ɗin da ke kan tebur, mai haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho, ta yi ƙyas, fitilunta suka kawo ja, sannan ta yi tsit. A baƙin allon kwamfuta rubutun nan na Turanci ya sake fitowa, wai ba ta ji sautin layi ba. Ikon Allah! Ɗazun nan Nafi'u ya fita zaure ya ɗaga kan tarhon gidan, ya ji layi yana gunji lafiya lau. Ya share gumi da hannun riga, ya leƙa taga. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma kowa a Anka ya sani, da iska ta taso za a ɗauke wuta, da ruwa ya sauka layin tarho ya mutu ke nan sai yadda hali ya yi.

Nafi'u malamin lissafi ne a sakandare, mutumin Gummi, aiki ya kawo shi har ya kama haya a gidan da ke jikin katangar Malam. Shi kuwa Malam Ɗalhatu tsohon mai duba makarantu ne, wanda ya yi ritaya ya ƙi zama. Wata tsohuwar kwamfuta ya sayo a Gusau, da manhajar da ke cikinta ta lalace sai wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa da fayafayan wata manhaja mai suna Linux. Abin ya yi wa Malam daɗi ƙwarai. Yakan ce ga abu kyauta, kuma ba wanda ya hana ka buɗe cikinsa ka gyara. Komai ya yi aiki sai abu guda: modem ɗin da ke cikin kwamfutar ya ce shi bai san zancen ba, da waccan tsohuwar manhaja kaɗai yake jituwa. Su biyun sun yi watanni suna fama da shi bayan la'asar, suna shan shayi suna gardama. A tsakanin nan, duk lokacin da Malam zai aika wa 'yarsa saƙo sai ya hau mota zuwa Gusau, shagon intanet.

Sai ciwo ya zo ya shanye masa ɓarin jiki, zuwa Gusau ya ƙare.

'Yar tasa, wadda gari ke kira Inno, tana Khartoum tana karatun likita, jarrabawarta ta ƙarshe ta kusa. Malam ya hana a sanar da ita. Amma yayansa, Baba Magaji, bai ji ba. Da safiyar nan ya ba wani ɗan kasuwa mai tafiya Kano sallahu, in ya isa gobe ya buga waya makarantarsu a ce mata ta taho gida. Tarhon gidan Malam ba ya kiran ƙasar waje. Hanya ɗaya ta rage maganar uban ta riga ta ɗan kasuwa isa, ita ce wannan 'yar akwati da Nafi'u ya aro daga wani abokinsa a Gusau jiya.

Saƙon kam an riga an rubuta. Malam ya faɗa da bakinsa da ya karkace, Nafi'u ya buga: duk wanda ya ce ki taho, kada ki taho, ki tsaya ki gama abin da ya kai ki, Allah ya yi miki albarka. Wurin adireshi kaɗai aka bari fayau, don Malam ya ce wannan shi zai buga da hannunsa.

"Malam Nafi'u," muryar tsohon ta fito a hankali. "Mi tac ce?"

"Ba ta jin layi, Baba."

"To kurma ta. Ka ce mata ta bar saurare, ta buga kawai."

Nafi'u ya jawo 'yar takardar bayani da ta zo cikin kwalin, ya bi ta da yatsa har ya sami umarnin da ke hana modem jiran sauti. Harafi ɗaya ne da lamba ɗaya. Ya buɗe fayil ɗin saiti ya ƙara su. Wannan karon akwatin ta yi kukan lambobi, tit-tit-tit, da sauri, sannan layi ya ci gaba da gunjinsa kamar ba a buga komai ba.

Aka yi sallama. Baba Magaji ne ya shigo da dattawa biyu 'yan dubiya, carbi a hannu. Suka zauna a tabarma suka yi wa Malam sannu, suka yi addu'a. Baba Magaji ya dubi tebur da igiyoyin da suka bi ta kan ƙafafun mara lafiya, ransa ya ɓaci.

"Kai yaro, wanga wane irin aiki na? Mutum na kwance rai ga Allah, kai kana nan kana ƙwaƙular akwati?"

"Baba, shi ya ce..."

"Shi ya ce! Mara lahiya ya ce! A hidda tarkacen ga, mutane su samu wurin zama a yi mai karatu."

"Yaya," in ji Malam. Ya daɗe kafin kalma ta biyu ta fito. "Bar shi."

Baba Magaji ya yi ƙwafa ya miƙe ya fita. Kunya ta rufe Nafi'u har wuya, don shi ma a ransa ya fara tambayar kansa ko abin da yake yi daidai ne. Numfashin Malam ya sauya tun azahar, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙara. Wanda duk ya taɓa jinya ya san wannan numfashin.

Inna Tabawa, matar Malam, ta ɗaga labule ta ajiye kwanon kunu da ba wanda zai sha. Ta tsaya tana kallon Nafi'u yana sake bugawa, tit-tit-tit, shiru.

"Irin kukan tarhon ga da Inno ta kawo muna," ta ce. "Mai maɓalli. Shi ma bai taɓa kira ba, sai dai a kira mu. Dole munka koma ma na juyawa."

Nafi'u ya juyo ya dube ta, baki buɗe. Tarhon zaure na juyawa ne, tsoho, mai karrr-karrr. Ashe injin tarhon garin bai san yaren tit-tit ba sam, ƙwanƙwasa kaɗai yake ganewa. Ya koma kan fayil ɗin, ya goge harafin da ke sa modem bugun sauti, ya sa na bugun ƙwanƙwasa. Akwatin ta fara, tak-tak-tak, a hankali, lamba bayan lamba, kai ka ce ba sauri ake ba. Can sai ga ƙarar kira. Sai wani kuka ya ɓarke, tsuwa da shuuu da gurnani, har dattawan nan biyu suka zabura suna a'uzubillahi.

"Ta gaisa," in ji Malam, gefen bakinsa mai rai ya motsa.

Rubutu ya fara gangarowa a allo, Nafi'u na bin sa da ido yana addu'a a zuci. Kafin ya kai ƙarshe fitilun suka mutu. Layi ya yanke.

Daga zaure aka jiyo karrr-karrr, da muryar Baba Magaji. "Alo? Alo, Bukkuyum? Kai, mi ka kuka cikin wayag ga?"

Nafi'u bai san lokacin da ya isa zaure ba, ko takalmi babu. Baba Magaji na riƙe da kan tarho, yana neman ƙanwarsu da ke aure a Bukkuyum ya ce ta taho. Gaskiyarsa ce kuma, ita ma 'yar'uwa ce. Nafi'u ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, don girman Allah ka aje. Layi guda ne, in ka ɗaga can ya yanke. Ka ba ni ɗan lokaci kaɗan."

"Ni za ka hana kiran 'yan'uwana cikin gidan ƙanena?"

"Ba hana ka nike ba, Baba. Roƙo nike. Dubi gabas."

Iska ta kaɗa ƙyauren zaure, awaki suka shigo da gudu daga titi. Baba Magaji ya dube shi ya dubi sama, ya ajiye kan tarhon da ƙarfi, ya biyo shi ɗaki yana faɗa ƙasa-ƙasa.

Tak-tak-tak. Kira. Kuka. Wannan karon rubutun ya gangaro har ƙarshe, ya tsaya. An shiga intanet. Nafi'u ya ji ƙwalla ta cika masa ido, watanni suna neman wannan abu. Ya buɗe saƙon, ya ɗauko allon haruffa da doguwar igiyarsa ya ɗora wa Malam a ƙirji.

"Baba, adireshi."

Malam ya ɗaga hannunsa na dama, mai sauran ƙarfi. Hannun ya tashi ya yi ta kakkarwa, ya faɗa kan haruffa huɗu a lokaci guda. Nafi'u ya goge. Aka sake, aka sake gogewa. Ya ba shi biro, biron ya zame ya faɗi bayan katifa. Ƙwan lantarki ya yi ƙasa ya dawo.

"Baba, ka faɗa mini in buga."

Sai a lokacin Nafi'u ya gane abin da ya nema. Adireshin da sunan yarinyar na yanka aka yi shi. Inno kuwa 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar Malam aka mayar mata. Tun da Nafi'u ya zo unguwar bai taɓa jin tsohon ya ce ko da Inno ba, sai "yarinyar ga" ko "ta Sudan". Inna Tabawa ba ta san adireshi ba, ba ta karatun boko. Baba Magaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi, don sunan uwarsa ne shi ma. Ga dattawan unguwa biyu zaune. A Gusau can cikin baƙi Malam yake buga shi da yatsa, bakinsa a rufe, ba wanda ya sani.

Aka yi tsawa daga nesa. Kwanon rufi ya fara amsa ɗigon farko.

"Ummukulsum," in ji Malam Ɗalhatu.

Sunan ya fito garau, ba karkacewa ko kaɗan. Inna Tabawa ta saki labule ta koma bayansa. Malam ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi lambobin da ke biye da sauran adireshin, Nafi'u na bugawa yana maimaitawa. Da suka gama tsohon ya rufe ido, Nafi'u ya kai hannu zai aika.

"Tsaya. Sa sunan bisa saƙon kuma. Daga farko," in ji Malam.

Nafi'u ya sa. Saƙon da a da ya fara da "Bayan gaisuwa" yanzu ya fara da sunanta. Ya danna. Fitilar akwatin ta yi ta ƙyaftawa, ta yi ta ƙyaftawa. Sai rubutu ya fito cewa ya tafi.

"Ya tahi, Baba."

"Alhamdu lillahi. Ummukulsum," Malam ya sake cewa, wannan karon ba da Nafi'u yake ba.

Ba a jima ba aka ɗauke wuta, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Baba Magaji ya matsa kusa da ƙanensa ya kama hannunsa ya fara karatu. Malam Ɗalhatu ya kwana, ya ga safiya, ya cika da hantsi da kalmar shahada a bakinsa. Kafin azahar an kai shi, ƙasa jiƙe, ba ta ba masu haƙa wahala ba.

Layin tarho bai dawo ba sai ranar sadakar uku. Zaure cike yake da masu gaisuwa, kowa kuma na son a buga wa wane a Gummi, a sanar da wance a Sakkwato. Da Nafi'u ya zo ya durƙusa ya yi wa Baba Magaji magana a kunne, sai tsohon ya miƙe. Ya ja buzunsa zuwa jikin teburin tarho, ya ɗora tafin hannunsa a kan wayar.

"Kowa ya dakata," ya ce. "Ana aiki da layi."

Ɗakin Malam an naɗe katifa an jingine. Nafi'u ya zauna shi kaɗai ya saurari tak-tak-tak da kukan da ya biyo baya, ba mai ce masa ta gaisa. Saƙo ɗaya ne ya shigo. Yana cikin karantawa ya ji motsi, Inna Tabawa ce tsaye cikin mayafin takaba.

"Ta amsa?"

"Ta amsa, Inna."

"Karanta min."

Ya karanta. "Baba, wani ya bugo daga Kano ya ce in taho, amma saƙonka ya riga shi. Na ji, zan tsaya, ranar Alhamis muke gamawa. Baba, tun da nake ban taɓa ganin ka kira sunana ba. Na karanta ya fi a ƙirga. Lafiya dai ko?"

A zaure wani ya ja fatiha, aka shafa.

"Kar ka amsa sai Alhamis ta wuce," in ji Inna Tabawa. Ta matso kusa da tebur, ta ƙura wa allon ido. "Nashi saƙon na nan?"

Nafi'u ya gangara ƙasa, inda saƙon Malam ya dawo manne da amsar.

"Wanne na sunan?"

Ya nuna mata kalmar farko. Ta goge yatsanta a gefen zane, ta ɗora shi a kan gilashin, ta bar shi a wurin.