Na Bakwai da Na Takwas

Mai gyaran agogo da wansa sun shekara goma sha ɗaya ba sa magana, tun rigimar katangar da ta raba gidajensu. Wuri ɗaya kawai suke haɗuwa: wasan dara na waya. Can babu gaisuwa, babu zagi, sai ci da tserewa. A shagonsa akwai agogo talatin da ba wanda ya dawo karɓa, kowanne da nasa lokacin, a tsakiyarsu yake zama yana buga wasan.

'Yarsa, malamar lissafi, ita ke shirya gasar tsofaffin unguwa. Mutum goma sha shida, rukuni huɗu, ana jera su bisa makin da kowa ya tara. A jerin, wan ne na ɗaya, shi na biyu.

"Ki haɗa ni da baffanki a rukuni guda," in ji shi, yana goge gilashin idonsa.

"Baba, ba a haɗa zakaru biyu a akurki ɗaya. Na ɗaya da na takwas suke tafiya, na biyu da na bakwai. In kun fito daga rukuni, sai ku haɗu."

"Yaushe ke nan?"

"Mako uku."

Wan nasa na kwance a asibiti. Likita bai ba shi mako uku ba, kuma ita ma ta sani.

"In na karya maka doka, gobe mai aski zai zo da tasa buƙatar," ta ce, ba ta dube shi ba.

Saura kwana biyar a rufe jerin. Ya ɗauki fensir ya yi lissafi a bayan kwalin batir: in ya faɗi wasa shida, zai sauko na takwas. Haka ya yi. Ya bar mai aski ya cinye shi har sau biyu, mutumin da bai san gaba da baya ba a dara. Mai aski ya yi ta yawo yana cewa tsufa ya taɓa kan mai agogo.

Ranar da jerin ya fito, 'yar ta shigo shagon ta miƙa masa wayar. Ga shi na takwas, daidai lissafinsa. Amma wan ba ya sama. Yana na bakwai.

"Daga gadon asibiti ya yi ta zubar da wasa," ta ce. "So yake ya faɗa rukunin na biyu. Rukuninka."

"To ki gyara mana, 'yar nan."

"Na'ura ta riga ta kulle jerin, Baba. Kowa ya ga nasa."

Ya daɗe yana kallon sunayen biyu, ɗaya a kan ɗaya, siririn layi ne kawai tsakaninsu.

"Ya ce wani abu?"

"Ya ce in gaya maka tun kana ƙarami ba ka iya zama inda aka ajiye ka ba."

Mai agogo ya yi dariya har ta koma tari.

Ya ci wasansa na farko. Ya ci na biyu cikin gaggawa, kamar saurinsa zai jawo makon uku kusa. Ranar Laraba ta mako na biyu aka yi jana'izar wan.

Sunan bai fita daga jerin ba. Duk ranar wasansa na'urar takan jira minti goma, sannan ta ba abokin karawarsa nasara. Mai agogo yakan buɗe wayar ya zauna cikin agogunansa, ya yi jiran minti goman tare da ita.