Wayar Alhaji Haladu Ta Daina Yankewa

Alhaji Haladu manomin masara ne a Maska, kuma sabis a gidansa sai ya ga dama yake zuwa. Hakan bai taɓa damunsa ba. Duk sanda yayarsa Hajiya Shafa'atu ta bugo daga Malumfashi tana faɗan ya yar da zumunci, sai ya ce, "Halo? Yaya, ba na jin ki," ya kashe.

Da 'yarsa Mansura ta zo hutu, sai tausayinsa ya kama ta. Ta sa aka kafa eriya a kan rufi, aka haɗa intanet a gidan, ta saita wayarsa yadda kira zai riƙa bi ta nan. Alhaji ya sa mata albarka da murya a sanyaye.

Washegari da hantsi Hajiya ta kira. Ko minti biyu ba a yi ba ya fara, "Halo? Halo?"

"Haladu," in ji ta, "har taunar gyaɗarka nake ji. Gyara zama."

Ya ture farantin gyaɗar, ya sha faɗan shekara uku yana ta "To, Yaya." Ranar Juma'a ya sa babbar riga, ya hau motar Malumfashi.