Taku Goma Sha Bakwai Daga Gindin Lemo

Ranar da aka tsagaita wuta, Abu Wisam bai bi layin fulawa ba. Shebur ya aro, ya ɗora jarkar ruwansu a amalanken jaki, ya ce wa ƙanwarsa Itaf ta hau.

Wata biyar ke nan da ya binne matarsa Nawal, Ummu Wisam, a filin bayan wata makaranta, gabashin Khan Yunus, inda wasu ma suka binne nasu, domin a lokacin ba mai zuwa maƙabarta ya dawo da ransa. Binnewar amana aka yi mata: an ba ƙasa ajiya, in hanya ta buɗe a zo a karɓa. Ita kuwa tun tana da lafiya abu ɗaya take roƙonsa, a kwantar da ita kusa da mahaifiyarta. Bai samu ko allo ya kafa ba. Sai ya ƙirga, taku goma sha bakwai daga gindin lemon da ke filin, in ka fuskanci teku.

A hanya ƙaramar rediyon Itaf ta ce manyan ƙasashe sun zauna, sun nuna matuƙar damuwa.

"Damuwar nan da ana dafa ta, Yaya, da jakin nan bai iya ja na ba," in ji Itaf.

Bai yi dariya ba, amma ya ji daɗin da ta faɗa.

Da suka isa, babu makaranta, babu lemo. Fili ne shimfiɗe, sai sawun motocin rusau. Ya tsaya inda yake zaton nan ne gindin, ya soma ƙirga.

"Takun yaushe kake yi? Na da, ko na yanzu da kake jan ƙafa?" in ji Itaf.

"Ke dai riƙe jakin."

Wuri uku ya tona kafin azahar. Ya samu rodi, ya samu ƙafar kujerar aji, bai samu likkafani ba.

Yana cikin na huɗu wasu fararen motoci suka tsaya. Baƙi ne daga waje, cikin rigunan sulke, an kawo su ganin ɓarna. Wata dattijuwa a cikinsu ta sa tafinta ya tambaye shi abin da yake bukata.

Abu Wisam ya share hannu a wando. "Ka ce mata ta yi haƙuri, ba mu da gahawa. Na ji an ce suna da na'urori a sama masu ganin komai. A duba mini tsohon hoto, a nuna mini inda bishiyar take. Sauran aikin nawa ne."

Matar ta saurara har ƙarshe, idonta ya ciko. Tafinta ya ce za ta sa maganar a rahotonta, za a zauna a kansa wata mai zuwa.

"Tsagaitawar gobe da rana za ta ƙare, ɗana."

"Ta sani, Baba."

Ya yi musu godiya, suka wuce.

Da la'asar ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ya jingine shebur, ya sauke jarka. Ba a barin kabari ba a yayyafa masa ruwa ba.

"Yaya, ruwan kwana biyu ne fa. Kuma ina za ka zuba?"

Ya tsiyaya a tafinsa ya watsa, ya ja ƙafa gaba, ya sake watsawa. Itaf ta daɗe tana kallonsa, sannan ta saki igiyar jakin, ta zo ta tara nata hannuwan. Shi ya bi gabas, ita ta bi yamma, har jarkar ta ƙare ba su ci rabin filin ba.

Ya duƙa ya dafa ƙasa.

"Ummu Wisam, ban kai ki gida ba. In ruwan ya same ki, to. In kabarin maƙwabta ya jiƙa, dama ke ba kya cin abu ke kaɗai."