Kyamara Mai Kallon Kejin Kurciya

Bayan dattijo Pak Harjono ya faɗi a banɗaki, 'yarsa Sulastri, wadda ke aiki a Taiwan, ta zo ta gindaya masa sharaɗi: ko a kafa kyamara ta riƙa ganinsa a wayarta, ko ya bar gidan da matarsa ta rasu a ciki ya koma birnin Surabaya wurin ƙanenta. Sai ya bi ta shago.

Mai shago ya jera musu kala uku, duk ba a ja musu waya.

"Wannan juyawa take, Pak. Duk inda ka yi tana biye da kai."

"Uwar yarinyar nan ta yi min wannan aikin shekara talatin," in ji tsohon. "Wacce ke jure ruwan sama?"

"Ai ta waje ce, Baba," in ji Sulastri. "Kai nake son gani. Ɓarawo me zai ɗauka, tsofaffin littattafanka?"

Kamar sauran dattawan unguwa, kowace safiya yakan ja kejin kurciyarsa da igiya zuwa saman doguwar sandar tsakar gida, ya sauke da la'asar.

"A saita ta a kan sandar," in ji shi. "In kin ga keji a sama, ina raye. In bakwai na safe ta yi yana ƙasa, ki kira ƙanenki."

"In ka faɗi da tsakar rana fa?"

"Da la'asar za ki sani. Ko kin gani nan take, daga Taiwan za ki ɗaga ni?"

Sulastri ta daɗe tana juya kwalin kyamarar a hannu, sannan ta ce a ba ta ta wajen. A hanyar gida ba ta ta da zancen Surabaya ba, shi ma bai tuna mata ba.