Sunan Yankan Ɗantani

Gidan adana kayan tarihi da zane-zanen da nake aiki a Gaya tsohon siton gyaɗa ne. Wanda ya ji sunan sai ya ɗauka wani katafaren gini ne, alhali ɗaki uku ne da babban zaure, sai ƙorai masu zane, da faya-fayai, da tsofaffin garemani, da hotunan da 'yan makaranta suka zana muka liƙa a bango. Malam Ya'u Gaji, tsohon shugaban makarantar firamare, shi ya kafa shi bayan ya yi ritaya. Ni ce Wasila, ni ce mai rubuta sunaye a jikin kaya, kuma har zuwa bara ina alfahari da cewa ban taɓa yin kuskure a rubutu ba.

Duk Asabar ɗin ƙarshen wata muna yin ranar iyali. Bayan azahar ake buɗe ƙofa, yara su zauna a tabarma ana koya musu zane, iyaye mata su zagaya suna nuna wa juna irin tasar da kakanninsu suka yi aure da ita. Daga nan mu toshe tagogin zaure da baƙin yadi mu haska fim a jikin farin bango. Tsofaffi majigi suke ce masa, mu ma mun bi su. Kafin a kira la'asar an tashi.

A bara 'ya'yan wani malamin gona da ya rasu suka kawo mana kaset ɗin bidiyo da suka tsinta a akwatinsa. Aka kai Kano aka juye shi a kwamfuta. Ashe kasuwar Ajingi ya ɗauka a shekarar 1988, lokacin kaka, minti arba'in cur na buhunan gyaɗa da jakuna da mutane suna leƙo kyamara suna kaucewa. Malam Ya'u ya ce ba za a bar fuskokin nan babu suna ba. Sai ya fito da tsari: a haska fim ɗin, a riƙa tsayawa a kan kowace fuska, wanda ya san mai ita ya faɗa, ni in rubuta. A wata mai zuwa kuma a karanto sunayen waɗanda suka rasu, a yi musu addu'a, a kafe takardar a bango.

Labari ya kai Ajingi. Ranar majigin sai ga bas biyu cike da mutane. A cikinsu akwai wata tsohuwa, Iya Barira, daga wani ƙauye can bayan gari, jikarta Hindatu mai 'ya'ya uku ce ta riƙo hannunta. Tsohuwar siririya ce, tana tari, ga carbi a wuya. Ta ƙi kujera, ta zauna a tabarmar gaba tare da yara, wai idonta ba ya kai nesa.

An kusa minti ashirin ana kallo ana ta hayaniya, wannan ya ga babansa, wancan ya ga rumfar da yanzu ta zama shagon cajin waya. Sai wani saurayi ya bayyana da jar hula, ya juya wa kyamara baya, yana sauke buhu daga amalanke. Ya dire buhun, ya ɗan tsaya, sannan ya waiwayo ya yi dariya, ga wushirya a bakinsa. Daƙiƙa goma sha huɗu ne duka, daga baya na ƙirga.

Malam Ya'u ya tsayar da fim ɗin a kan dariyar. Ya ce, "Wa ya san wannan?"

Wani dattijo daga baya ya ce, "Ɗantani ne. Allah ya jiƙansa, sanƙarau ya tafi da shi da bazarar da ta biyo."

Wani ya ce, "Wane Ɗantanin? Ai uku ne a garin."

"Na gidan Malam Auwalu. Ga ma mahaifiyarsa nan a gaba."

Kowa ya juyo ya kalli tsohuwar. Iya Barira ba ta motsa ba, ba ta yi kuka ba, ta dai ja mayafi ta rufe rabin fuskarta tana kallon bangon. Hindatu ce ta fashe da kuka, ita da ko ganinsa ba ta taɓa yi ba. Ta ce mini babu hotonsa ko ɗaya a gidansu.

Da aka tashi na je da littafina na durƙusa gaban tsohuwar. Na ce, "Iya, Ɗantani ai sunan rana ne. Mene ne sunansa na yanka, in rubuta?"

Ta kalle ni kamar na tambaye ta abin da ba a tambaya. Ta ce, "'Yar nan, ɗan fari ne."

Na san al'adar, ba a Turai aka haife ni ba. Matan zamanin da ba sa kiran sunan ɗan fari, kunyarsa suke ji har su koma ga Allah. Sai dai ban taɓa zaton kunyar tana bin mutum har shekara talatin da biyar bayan an binne shi ba. Na juya wajen Hindatu, ta girgiza kai, ta ce ita Kawu Ɗantani kawai ta taɓa ji, mahaifiyarta da ta sani ta rasu. Na bi dattijon nan har bakin mota, ya ce wani suna ne mai nauyi da uban yaron ya zaɓa, mutanen ƙauye suka kasa riƙewa tun ranar suna, suka koma kiransa da ranar da aka haife shi. Uban ya daɗe da rasuwa. A duniya kaf babu wanda ya rage da sunan nan a kai sai tsohuwa mai tari.

Na dawo na sake durƙusawa. Na ce, "Iya, in ba ki faɗa ba haka zai tafi. Sai dai a yi addu'a a ce Ɗantani, ba a san na wane gida ba."

Ta daɗe tana jan carbi. Ita ma abin yana cinta, a fuskarta na gani. Can ta ce, "Kin yi karatu?"

Na ce na yi.

"To sunan sura ne. Mahaifinsa a kanta yake bita makon da aka haife shi. Surar da ake yi kafin a shiga Suratul Jinni. Je ki duba."

Ta miƙe, Hindatu ta kama ta suka tafi. Ni kuwa ina jin daɗin kaina, na ciro waya na buɗe Alƙur'ani, na gangara zuwa Suratul Jinni, na duba wadda ke samanta. Suratu Nuhu. Ga suna ya fito sarai. Har na yi 'yar dariya a raina, na ce mutanen ƙauye da abin mamaki suke, yanzu Nuhu ne sunan da ya yi musu nauyi. Wannan tunanin kaɗai ya isa ya tsayar da ni in sake tambaya, amma ban tsaya ba. Na rubuta da babban baƙi, na ja layi a ƙasa.

Asabar ɗin ƙarshen wata ta zagayo. Hindatu ta ce tsohuwar ta yi sati biyu a kwance, da ƙyar aka hana ta fitowa tun da asuba. Iya Barira ta zo da sabon zane, ta zauna a inda ta zauna wancan karon. Zauren ya cika har waje, saboda an ji za a yi addu'a. Malam Ya'u ya ɗauki takardata yana karantowa, ni ina haska fuskar kowa a bango, jama'a suna amsawa da amin. Suna goma sha bakwai ne. Na Ɗantani shi ne na tara.

Malam Ya'u ya ce, "Nuhu ɗan Malam Auwalu, wanda aka fi sani da Ɗantani. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa."

Zauren ya ce amin. Iya Barira ba ta ce ba. Ta sauke tafukanta da ta ɗaga, ta ce a hankali, "Ba shi ba ne."

Malam Ya'u ya sunkuyo. "Iya, me kika ce?"

"Na ce ba shi ba ne. Ban haifi Nuhu ba."

Nan raina ya ɓaci, kuma ina jin kunyar faɗar haka yanzu. A gaban mutum ɗari ana cewa na yi kuskure. Na matso da wayata har gabanta, na ce, "Iya, ke kika ce kafin Suratul Jinni. Ga shi nan, kowa ya duba." Ina miƙa wa tsohuwar da ba ta gani sosai waya, kamar wayar ce za ta faɗa mata abin da ta haifa.

Malam Ya'u ya karɓi wayar ya duba. Sannan ya cire tabarau, ya ce, "Iya, a allo kika yi karatu?"

Ta ce, "A allo, gaban mahaifina."

Ya juyo ya kalle ni, ba da faɗa ba. Ya ce, "Wasila, mai allo daga ƙasa yake hawowa. Abin da yake kafin a wurinta, a wayarki bayan ne."

Nan na gane. Ni ma ai haka na fara, daga ƙananan surori ana hawa sama, kowane yaro a garin nan haka ya fara. Na sani sarai, waya ce kawai ta sa na karanta daga sama kamar jarida. Na sa zaure guda ya yi wa wani Nuhu da ba a taɓa haifa ba addu'a, ɗanta kuwa yana bango yana dariya babu wanda ya ambace shi.

Malam Ya'u ya gangara da yatsa zuwa surar da ke ƙasa, ya ga sunan, ya buɗe baki zai faɗa. Tsohuwar ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Dakata, Malam. Na yi aike sau ɗaya, saƙon ya ɓata a hanya. Ba zan sake aike ba."

Ta dafa kafaɗar Hindatu ta miƙe. Tarin ya taso mata, muka jira ya lafa. Ta ce, "Shekara goma sha tara yana gabana. In zan ba shi tuwo sai in ce kai, in zan aike shi sai in ce wannan yaron. Ranar da ciwon ya kama shi yana kiran Inna, ina zaune a bakin ƙofa, ban iya na shiga na kira shi ba, saboda surukata tana ciki. Surar nan kullum da safe sai na karanta ta, a nan kaɗai sunan yake fita daga bakina, shi ma don maganar Allah ce." Ta juyo wajena. "'Yar nan, mayar da majigin baya. Inda yake sauke buhu."

Na mayar. Ga jar hular, ga bayansa, ga buhun yana saukowa daga amalanke. Tsohuwar ta matsa har inuwarta ta taɓa gefen hoton. Sau ɗaya kacal ta taɓa ganin wurin nan a fim ɗin, amma ta riƙe shi. Ta bari ya dire buhun, ta bari ya ɗan tsaya.

Ta ce, "Muzammil."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, irin muryar da ake kiran yaro ya zo ya ci abinci ce. Saurayin ya waiwayo ya yi dariya.

Na san a nan yake waiwayowa, na kalli wurin ya fi sau ashirin. Ita ma ta sani, kowa a zauren ya sani. Duk da haka na ga dattawa suna goge ido da bakin riga, ni kuwa kuka na yi sosai, na baƙin ciki da na kunyar abin da na aikata. Iya Barira ta tsaya har hoton ya wuce kan wani mai sayar da igiya, sannan ta koma ta zauna ta ɗaga tafukanta.

Malam Ya'u ya sake ɗaukar takardar. Ya ce, "Muzammil ɗan Malam Auwalu. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa."

A wannan karon amin ɗinta ce ta riga ta kowa.

Da aka tashi na ɗauko sabuwar takarda zan sake rubutawa. Malam Ya'u ya ce in bar tsohuwar takardar, in soke kuskuren da layi ɗaya in rubuta daidai a samansa, haka za a kafe ta. Na yi yadda ya ce. Kafin su shiga mota na kai wa Iya Barira ta gani, duk da ba ta karanta boko. Ta ce in ɗora mata yatsa a kan sunan, na ɗora. Ta shafa shi daga dama zuwa hagu, yadda ake bin allo, ban gyara mata ba.

Asabar ɗin ƙarshen watan da ya biyo baya Hindatu ita kaɗai ta zo da 'ya'yanta. Iya Barira ta rasu kwana tara bayan addu'ar. Hindatu ta ja yaran zuwa jikin bango, ta ɗaga ƙaramar ta nuna mata layi na tara, ta sa su faɗi sunan ɗaya bayan ɗaya har sai da bakinsu ya iya.