Aljihun da Ta Ɗinka

Ranar Talata ce, Rabi'atu na tankaɗe garin masara a tsakar gidan hayarsu da ke Sauka Kahuta, sai ga ogan ɗanta Zakiyyu ya yi sallama, mutumin da bai taɓa tako gidan ba. Ya ce yaron ya kwanta a bayan shagon gyaran waya can Bosso bayan azahar, wai kansa na ciwo. Da aka tashe shi sallar la'asar, bai tashi ba. Shekararsa goma sha bakwai. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Ita ma haka ta ce da bakinta, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Yaron da ya cinye ɗumame kwano guda da safe! Duk abokinsa da ya zo gaisuwa sai ta bi shi da ido, ta ga wane ne zai kasa kallonta.

Bayan sadakar arba'in ta raba kayansa kamar yadda ake yi. Jaket ɗinsa baƙa, wadda ya fi so, ta bai wa Silas, ɗan maƙwabciyarta Rebecca, don tare suka tashi, shekara ɗaya ce tsakaninsu.

Sati biyu bayan haka, wata nas mai suna Patricia da ke layinsu ta ja ta gefe a bakin famfo.

"Maman Zakiyyu, an kawo mana wasu yara biyu daga wajen shagonsu. Ɗaya ya farfaɗo. Ƙwaya suka sha, kamarta ɗaya da maganin ciwon jiki, har kwalinta, amma jabu ce. Likita na zargin an gauraya ta da wani abu, fentanil. Ɗan kaɗan ya isa ya tsayar da numfashi. Wanda ya farfaɗo ya ce tare da ɗanki suka saya."

Rabi'atu ba ta riƙe sunan abin ba. Abin da ya faɗo mata shi ne jaket ɗin. Da hannunta ta ɗinka masa aljihu a cikin shafi, saboda masu zare wa mutane waya a keke napep. Ranar da ta raba kayan ta laluba aljihunan waje, na cikin kuwa ta manta da shi.

Ba a karɓo sadakar mamaci. Ta san gobe unguwa za ta ɗauka. Duk da haka ta bar bokitinta a layi, ta nufi ɗakin Rebecca.

"Maman Silas, rigar nan nake so."

Rebecca ta dakata da yankan kuɓewa. "Wanda kika ba shi? Mun yi laifi ne?"

"Ba ku yi ba. Ɗauko min ita kawai."

Aka ɗauko. Rabi'atu ta zura hannu cikin shafin, ta zaro katin ƙwaya mai gurbi goma. Huɗu babu, shida na nan. Ta ɗaga kai ta dubi Silas, wanda ke tsaye bakin ƙofa da kofin shayi.

"Nawa ka tarar?"

"Mama, ni ban ma san akwai aljihu a wajen ba."

"Ban tambaye ka aljihu ba."

"Haba Maman Zakiyyu!" in ji Rebecca. "Yaro na yana waƙa a kwayar coci, ba ya shan komai."

"Nawa ma a sahun gaba yake sallah. Ni na wanke masa wannan rigar har sau nawa, ban sani ba."

Silas ya ajiye kofin. Shayin ya zube a siminti. Can ya ce shida ya tarar, ya rantse bai taɓa ko ɗaya ba. Ya ce ajiyewa ya yi saboda jarrabawa, don Zakiyyu ya taɓa gaya masa tana kashe gajiya.

Rebecca ta zauna daɓas a kan turmi, wuƙar na hannunta.

Rabi'atu ta ɓalle shidan ɗaya bayan ɗaya a masai, a gabansu, ta kora da ruwa. Ta miƙa wa Silas jaket ɗin, don sadaka ce, ta riga ta zama tasa. Ko shida ya tarar, ko bakwai, ko takwas, har yau ba ta sani ba. Bai kuma faɗi wanda ke sayarwa ba, ya ce bai san shi ba, ita kuwa ba ta yarda ba.

Rebecca ta yi wata guda ba ta yi mata magana ba, daga baya ta dawo aron rariya.

Yanzu kullum da safe Rabi'atu kan fito da kujerarta bakin ƙofar gida kafin Silas ya tafi makaranta. Ba ta barinsa ya gaishe ta a tafe. Sai ya tsaya, ta tambaye shi kwana, ta tambaye shi malamai, ta tambaye shi abin da ya karya da shi, tana kallon ƙwayar idonsa, tana sauraren ko harshensa ya yi nauyi. In ta ji muryar garau, sai ta ce, "To, je ka, kar ka makara."